An kankare ɗakinki, Inna

Yamai, bayan kaka.

Inna,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta rage tsakaninmu: Allah Ya sanyaya makwanci, Ya sa kin huta.

An kankare ɗakinki. Ranar Laraba aka fara, aka gama ranar Alhamis da la'asar. Na isa Babankatami ranar Asabar na tarar da bangon jajawur, babu sauran fari ko da faɗin tafin hannu, babu sauran zanen yatsunki. Mutum huɗu suka yi aikin, ƙofa a rufe. Wasiƙata ce ta sa su.

Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma sai an nemo mai karanta miki, ki sa shi ya maimaita wurin da na tambayi lafiyar awaki. Amma shekara goma sha biyar ke nan ina rubuta labarai a gidan rediyo, ban iya riƙe tsoro ba sai na jera shi a takarda. Bari in jera miki yadda aka koya mini, abin da na sani daban, abin da nake zato daban.

Kin tuna gidan Buza? Shekarar da Nasara ke tattara kayansu aka ba Baba shugabancin lakkol, makarantar boko ta garin, aka sa mu a gidan gwamnati wanda wani Bature ya tashi daga ciki. Ina da shekara goma, ƙanwata Hajo na da takwas, Idi yana goye a bayanki. Rufin cikin ɗakunan, wanda ma'aikata ke kira palafon, ba sumul yake ba. Fari ne tas, mai gurzi-gurzi, kamar an watsa dambu sama ya manne. Ni da Hajo mukan kwanta rigingine muna neman fuskar mutum da ta raƙumi a cikinsa.

A damina ta biyu kwanon rufi ya yi yoyo ta gabas. Palafon ya jiƙe, ya kumbura, ya fara zubowa guntu-guntu. Baba ya rubuta wa buro, wato ofishin hukuma, takarda har sau uku a zo a gyara, ba wanda ya zo. Ke kuwa kika tsuguna, kika murza guntu ɗaya tsakanin yatsunki, kika ga akwai zare-zare a ciki kamar audugar rimi. Kika ce wannan ai farar ƙasa ce da ta zo da ramnonta, ba sai an yanka mata ciyawa ba don kada ta tsage.

Ba ki yi kuskure ba a kan ingancinta. Farar ƙasarmu ta shafen ɗaki sai an yi rabin wuni a jaki zuwa gindin dutse, kuma kafin Sallah ta zagayo ta tsattsage, tana bin zanen mutum in ya jingina. Wannan kuwa ba ta tsagewa. Harshen fitila ya lashe ta, ba ta ƙonewa. Kika sa mata suna farar ƙasar Nasara. Kikan shanya guntayen su bushe ƙayau, mu daka su a tsohon turmin nan mai tsaga, mu tankaɗe da rariya, ke kuma ki kwaɓa da ruwa da ƙaro, ki shafa da tafin hannu, ki ja zane da yatsu uku tun da ɗanye. Garin yakan tashi ya hau girarmu da kitsonmu, ki dube mu ki tuntsire da dariya, ki ce ga tsofaffinki biyu da suka yi furfura ba su ga miji ba. Mukan yi atishawa mu ci gaba.

Shekara biyu na yi ina wannan dakan. Daga nan na ci jarrabawa, aka kai ni makarantar kwana a Tawa, daga can sai Yamai. Hajo ba ta ci ba. Ita ta ci gaba da riƙe taɓarya, duk bayan damina, shekara da shekaru. Da Baba ya ajiye aiki za ku koma Babankatami, kika sa aka zungure abin da ya rage a ɗaki biyu da gora, buhu huɗu, aka ɗora a kamiyo, babbar motar kaya, tare da gadonki. Baba na ta faɗa wai kayan gwamnati ne, kika ce gwamnatin da ta bar wa ruwan sama kayanta ba za ta yi ƙarar mace ba. Da shi kika shafe ɗakinki na gida. Kuma duk yarinyar da za a kai ɗaki a dangi, sai kin aika wa uwarta ƙwarya guda. Mata suna zuwa kallon bangonki kamar yadda ake zuwa kallon jeren amarya. Ina alfahari da ke, Inna. Ban taɓa gaya miki ba, don ba mu saba irin wannan magana ba.

Bara war haka numfashinki ya fara gajarta. Kika ce sanyi ne ya kama miki haƙarƙari. A Madawa aka ce tarin fuka ne, aka yi ta allura wata uku, ba sauƙi. Na ɗauko ki zuwa Yamai. Sau uku ana zuƙe ruwa daga gefen ƙirjinki, sau uku yana dawowa. An duba majinarki an sake dubawa, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Wata rana likitan, wani saurayi mai yawan shiru, ya daɗe yana duban hoton ƙirjinki a jikin taga, sannan ya ce in tambaye ki ko kin taɓa aiki a ma'adinai, ko masana'antar siminti, ko wurin gini. Na tambaye ki da Hausa. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, kika ce a gaya wa yaron nan ke ba ki taɓa yi wa kowa aiki ba sai turmi. Na juya na ce masa da Faransanci: a'a, ba ta taɓa ba.

Kin ba shi amsar daidai, Inna. Ni na yanke ta. Ni da ake biya don in juya magana daga wani harshe zuwa wani ba tare da ta zube a hanya ba.

Akwai wadda ta fi wannan, ita ce ban taɓa gaya wa kowa ba. Kusan shekara goma da suka wuce, wata safiya a buro, aka ajiye mini labaran waje in zaɓi waɗanda za a fassara wa masu sauraron Hausa. A ciki akwai wani gajere daga Faransa, kan wani abu da suke kira amiyant. Wani irin dutse ne mai zare-zare da ba ya cin wuta, suna gauraya shi a kayan gini, suna fesa shi a palafon. An gano garinsa na shiga huhu ya zauna. Na karanta har ƙarshe, na ja masa layi, na rubuta a gefe cewa bai shafe mu ba, mutanenmu a ɗakin laka suke kwana. Na ajiye shi a cikin fayil, na fassara labarin farashin gyaɗa. A wannan shekarar kina da sauran buhu biyu a bayan rumbu. Me ya rufe mini ido? Mai zare-zare, ba ya cin wuta, a palafon: wace kalma ce ban gane ba a ciki? Ko don na saba ganin duk abin da ya zo a takardar Nasara labarin wata duniya ne, gidanmu kuma ba ya shiga jarida?

Sai bayan sadakar arba'in ɗinki, ina kwashe tsofaffin takardu, fayil ɗin ya faɗo. Akwai guntun jarida da wani ya liƙa a baya, da hoto. Palafon ne, fari, mai gurzi-gurzi. Na ga fuskar raƙumi a ciki.

Na nemi duk abin da zan iya samu na karanta, na koma wurin likitan nan na ba shi labarin turmi. Ya ce me ya sa ba a faɗa masa ba tun farko. Ga abin da na sani yanzu. Zaren ya fi ƙarfin ido, in ya shiga huhu ba ya fita. Ciwon ba ya tashi nan take, yakan yi shekara ashirin, talatin, ko fiye, yana kwance. Ba duk wanda ya shaƙa ke kamuwa ba, amma wanda ya fi shaƙa ya fi shiga haɗari. In ya zama irin ciwon da ke cin fatar huhu yana tara ruwa, ban karanta inda aka ce an warke ba. Ga kuma abin da ban sani ba: ban sani ba ko palafon na Buza yana da amiyant a ciki. Ba kowane irinsa ke da shi ba, kuma ido ba ya rabewa, sai an duba da na'ura. Ban sani ba ko shi ya kashe ki, tunda ba a yanki tsokarki an auna ba. Zato nake, amma zaton da ke hana ni haɗiyar tuwo.

Akwai abu ɗaya kuma da kowace takarda ta nanata: muddin yana manne a bango ba a taɓa shi ba, sharrinsa kaɗan ne. Sai an kankare, ko an daka, ko an share shi a bushe yake tashi ya shiga mutum.

Wannan shi ne abin da ban rubuta wa Idi ba. Layi huɗu na aika masa ta hannun direban Buza. Na ce farin da ke bangon ɗakin Inna mai yiwuwa guba ne ga huhu, mai yiwuwa shi ya ja mata ciwo, a fitar da yaran da ke kwana a ciki, ina nan zuwa ranar Asabar. Na karanta sau biyu kafin in liƙe, na ga babu ƙarya a ciki, babu ƙari. Na ji daɗin yadda na sa "mai yiwuwa" har sau biyu. Ban tsaya na tambayi kaina abin da mutumin Babankatami zai yi in an ce masa akwai guba a ɗakin uwarsa ba. Zai zauna ya zuba mata ido har Asabar? Wanda ya ga kunama a shimfiɗa, jiran baƙo daga birni yake?

Mushe, malamin lakkol, ya karanta musu ranar Talata. Ranar Laraba da hantsi suka shiga: Idi, da matarsa Salamu, da Hajo wadda ta taso daga gidan mijinta don wannan, da maƙwabciyarki Indo. Fartanya suka sa, da sakaina a kusurwoyi. Suka ja ƙofa suka rufe, suka toshe ƴar tagar da tsumma, don kada gubar ta fita ta sami yara a tsakar gida. Kin ji hankali irin na masu ƙauna. Kwana biyu suna ciki. Suka share da tsintsiya a bushe, suka kwashe a kwando, suka cike ramin nan na ƙofar gida inda ruwa ke kwanciya da damina, inda yara ke wasan ƴar gala-gala.

Hajo ce ta tarye ni a zaure, tana murmushi, akwai sauran fari a cikin kunnenta. Ta ce Yaya ki kwantar da hankalinki, ƴan ƙauye ma sun iya aikin likita, mun gama kafin ki zo, ko ƙyas ba mu bari ba. Ta ce sun fito kamar aljanun kasuwa, har Indo ta tsorata jakin Idi. Tana jira in yaba. Na tsaya da jaka a hannu. Me zan ce mata, Inna? In ce kun yi abin da ya fi kowane muni, kuma ni na sa ku? Na ce sannunku da aiki. Sai bayan na sha ruwa na tara su na faɗa musu gaskiya. Idi ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, ba da faɗa ba, ke da kika yi boko har ya ishe ki, layi ɗaya ya gagare ki?

Mun yi abin da ya rage. Muka ɗebo ruwa muka jiƙa ɗakin sharkaf, ƙasa da bango, muka goge da ɗanyen tsumma, kowa da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, ko da yake na san ƙyalle ba ya tare abin da ido bai gani. Ramin ƙofar gida muka jiƙa shi, muka zuba masa laka mai kauri, muka daɓe. Tufafin da suka yi aiki da su, da tsintsiyar, da kwandon, da tsohon turminki mai tsaga, muka haƙa rami a bayan gari muka binne. Na ji turmin nan a raina kamar ana sake binne ki.

Daga nan na bi gidajen da kika aika wa ƙwarya. Bakwai na gano, tsakanin Babankatami da ƙauyukan kan hanyar Keita, kuma na tabbata akwai waɗanda ban sani ba. Wannan karon da ƙafata na je, da bakina na faɗa, kuma da hani na fara: kada a kankare, kada a share, a kwaɓa sabuwar laka a yaɓe a kai tun bango na jiƙe. Wasu sun ji. Gwaggo Tsahara, yayar Baba, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce jikoki tara aka haifa mata a ɗakin wanga, duk ga su suna cin tuwo, ba ta rufe kyautar mamaciya da laka don takardar Nasara ta ce. Ta ce mutuwa a wuyan kowa take, ba a bango ba. Na ce haka ne Gwaggo, amma ki bar shi yadda yake, kada ki taɓa. Ta ce wannan kam ta iya. A wani gidan kuma na ji wata na cewa a bayan danga ashe abin da marigayiya ke rabawa ke nan. Na so in koma in ce mata ba ki sani ba, ba wanda ya sani, Bature da ya fesa shi ma a ƙarƙashinsa ya kwana. Na wuce. Ki yafe mini wannan ma. Na taɓa sunanki a garin da ba ki bar komai ba sai shi.

Na biya ta Buza. Gidan na nan. Wani matashin ma'aikacin gona ke ciki da matarsa da jaririya. A ɗakin da ba ki zungure ba palafon na nan, ya yi rawaya, yana ɓarɓashi. Matar ta ce kullum da safe sai ta share abin da ya zubo a kan gidan sauron yarinyar. Na roƙe ta su koma ɗayan ɗakin su rufe wannan, ta ce sai maigida ya dawo daga daji. Na hau kujera, na jiƙa kusurwa, na ɓalli guntu kamar goro, na sa a gwangwani na liƙe bakinsa. A wani gwangwanin na sa ɓarɓashin bangonki da na tsinta a ƙarƙashin gado. Likitan ya ba wani abokin aikinsa da zai tafi waje, a duba a can, don a nan babu na'urar. Na kuma rubuta wa buron da ke kula da gidajen gwamnati. Takardun Baba uku ba a amsa ba, ban san ta huɗu ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Lahadi da safe, kashegarin isata, Hajo na daka gero a tsakar gida. Kin san dakanta, ita da ke cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe. Na ƙirga ba da niyya ba. Bugu goma sha takwas ta tsaya, ta jingina da taɓaryar, ta dafe gefen dama, daidai inda kike dafewa. Ta ga ina kallo ta ce ƙurar kankarar nan ce, ki bar zare mini ido kamar mujiya. Amma abin da suka shaƙa ranar Laraba ba yanzu zai yi magana ba, wannan sai yaran gidan sun yi gemu. Salamu ta ja ni bayan rumbu ta ce tun kafin shuka Hajo ke haka, ta hana a gaya mini, wai in ji da makokinki. Shekara ashirin da biyar ke nan da ta fara daka miki farar ƙasar Nasara. Na yi lissafin sau da yawa ko zai fito daban.

Na taho da ita Yamai. Mijinta bai hana ba. Ta bar yara huɗu wurin Salamu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Tana nan a ɗakina, tana yi wa gidana tsiya, wai bangona ba ado kamar kurkuku, wai da kina nan da kin aiko mini ƙwarya guda. Ta faɗa ta yi dariya, sai ta tuna, dariyar ta yanke.

Ina tsoro, Inna. Ina tsoro in na ji ta juya a kan katifa. Ina tsoro in na hau matakalar buro na tsaya ina sauraron ƙirjina, don ni ma na yi shekara biyu a bakin turmin nan. Amma nawa kaɗan ne. Ita ta zauna ta riƙe taɓarya, ni na tafi na koyi karanta takardar da za ta cece ta, na karanta, na ja mata layi. Da ita ta ci jarrabawar ni na faɗi, da ta gane? Ina jin da ta gane. Hajo ba ta mance abin da hannunta ya taɓa.

Jiya aka ɗauki hoton ƙirjinta. Akwai ruwa a ƙasan huhun dama, ba shi da yawa. Likitan ya ce tarin fuka ma na yin haka, kuma a ƙasar nan shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Kin tuna yadda kika ɓoye ƙwaryar shanki da aka ce miki tarin fuka ne, don kunya? To yau ni da Hajo shi muke roƙo. Bayan kowace salla na ɗaga hannu in ce Allah Ka sa tarin fuka ne, don shi yana da allura.

Sauran labarin gida: gero ya yi kyau bana a gonar fadama, rumbunki ya cika har wuya. Jar akuyarki ta haifi biyu. Idi ya ce zai yaɓe ɗakinki da jar laka ya bar shi haka, ba fari. Ban ga laifinki ba ko na ƙwayar gero. Kin ga abu mai kyau yana zuba a ƙasa, kin tsince shi, kin raba wa mutane. In akwai mai neman gafara a cikinmu, ni ce, kuma ina nema.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da Baba a inuwa ɗaya. Ki huta.

Ɗiyarki ta fari, wadda ba ki taɓa kiran sunanta ba don kunya.

Ranar Litinin za a zuƙi ruwan ƙirjin Hajo a auna. Gwangwanayen biyu sun isa inda aka aika su, an tabbatar mini. Sakamakon bai zo ba tukuna.